Dattijon da Aka Ce Lafiyarsa Ƙalau, Ransa Ya Ɓaci

Wata rana, a cikin watan Sha'aban ɗin nan da ya wuce, na je asibitin koyarwa na jami'ar garinmu.

Ba jinya ce ta kai ni ba. Sanarwa na ji a rediyo, cewa bayan ƙaramar Sallah jami'a za ta ɗauki nauyin gwajin wasu sababbin magunguna, na ciwon suga da hawan jini da sikila da asma. Ana neman masu irin waɗannan larurori, waɗanda za su shiga don raɗin kansu.

Ni kuwa tun haihuwar autana nake fama da suga. Na ce bari in je in ji da kunnena.

Zauren ya cika maƙil. Wata ta zo da mijinta. Wani ɗansa ne ya turo shi a keken marasa lafiya. Kowa dai da nasa.

A gefena wani dattijo ne zaune. Farar shadda ta sha guga, ga hula, ga ƙamshin turare, kamar mai zuwa ɗaurin aure.

Shi kaɗai.

Likitar da ke jagorantar aikin, wata Dakta Hindatu, ta yi bayani dalla-dalla. Ta ce ba dole, kuma wanda ya shiga yana iya fita duk ranar da ya ga dama. Wasu za a ba su sabon magani, wasu wanda aka saba, don a ga bambanci. Sannan kowane mako za a kira mutum a waya a ji yadda jikinsa yake.

Tambayoyi suka ɓarke. Wani ya ce ba dai ɓerayen gwaji za a mai da su ba? Wata ta ce in maganin ya yi mata illa, wa zai kula da ita? Likita ta amsa musu ɗaya bayan ɗaya.

Sai dattijon nan ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Likita, wannan kiran na kowane mako, mutum ne zai kira, ko irin na'urar nan ta kamfanin waya?"

Aka yi dariya. Ta ce mutum ne. Ya gyaɗa kai, ya gyara zama.

Daga nan aka shiga awo, don a tantance waɗanda suka dace. Bayan azahar aka fara kiran mutane jin sakamako. Labule ne kawai tsakanina da dattijon nan, shi ya sa na ji komai.

Likitar ta ce, "Baba, albishirinka. Ba ka da hawan jini, ba ka da suga. Lafiyarka ƙalau."



Ya ce, "To babu wani gwajin da za a iya sa ni?"

"Haba Baba, kai da za ka yi murna? Mutane nawa ne a zauren nan suke fatan abin da na faɗa maka?"

"'Yata, ni ba magani na zo nema ba. Kiran nan nake so."

 

Da na fito, na tarar da shi a kan benci a bakin ƙofa. Duk wanda ya gama ya tafi. Shi yana zaune yana kallon masu wucewa.

Na gaishe shi, na zauna.

Sunansa Malam Tanimu. Tsohon direban jirgin ƙasa ne. Matarsa ta rasu bara waccan. 'Ya'yansa duk sun yi nisa, wannan yana Fatakwal, waccan tana aure a ƙasar waje. Maƙwabtan da suka tsufa tare, wasu sun rasu, wasu sun sayar da gidajensu an gina shaguna.

Ya ce min, "Kada ki ga laifin yaran nan. Ba abin da na rasa. Abinci, sutura, har wannan wayar su suka aiko min. Aiki ne ya yi musu yawa."

Ya juya wayar a hannunsa.

Ya ce akwai ranar da sai bayan la'asar ya lura bai yi magana da kowa ba tun safe, in ban da gaisuwar masallaci, ita ma a tsaitsaye.

Bai yi kuka ba. Murmushi ma yake yi. Shi ne abin da ya fi yi min ciwo.

Kafin in tashi na karɓi lambarsa. Ya karanto min a hankali, ya maimaita, ya sa na karanta masa.

Ranar Juma'a na kira shi. Wayar ta daɗe tana ringi kafin ya ɗauka.

Ya ce, "Salamu alaikum. Wa ake nema?"

Na ce, "Kai nake nema, Baba."



Can na ji ya ce, "Ni? To... to bari in zauna."

Darasi: Akwai ciwon da awon asibiti ba ya nunawa. Aika wa iyaye buhun shinkafa alheri ne, amma ba ya tambayarsu yadda suka kwana. In kana da tsoho a gida, ko a unguwa, ko a can garinku, kada ka jira sai ya kwanta ciwo. Kira shi yau, kuma kada ka yi saurin kashe wayar.

Ku tura wannan ga 'yan uwa da abokai. Wataƙila ya isa hannun wanda ake zaune ana jiran muryarsa.