Jar Mota da Motar Gyaɗa

Maigidana ya rasu ya bar wata jar mota mai ƙofa biyu da kujera biyu, gajeriya, cikinta kamar zai taɓa ƙasa. Irin waɗanda aka ƙera don gudu a kan lafiyayyar kwalta ce. Ya saye ta yana aiki a Kaduna, ya dawo da ita Karaye da ya yi ritaya, kuma a cikinta ya koya mini tuƙi. Da aka zo rabon gado na roƙa a bar mini ita, 'ya'yanmu biyu suka ce sun yarda a haɗa da nasu kason. Dangi suka kalli juna.

Ni ungozoma ce. Ban daɗe da fita takaba ba aka yi mini canjin wurin aiki zuwa wani ƙaramin asibiti a yankin Zoza, cikin ƙasar Rogo. Da farko motar haya nake shiga. Sai in je tasha da sassafe in zauna jiran ta cika, in na sauka kuma in hau acaɓa ya ƙarasa da ni. Wata Talata motar ba ta cika ba sai da hantsi ya dubi ludayi. Ko da na isa, na tarar wata mata ta haihu a barandar asibitin, surukarta na riƙe da ita, jini ya jiƙa tabarma. Allah ya taimake mu jinin ya tsaya, ita da jaririyar suka rayu. Amma ina wanke hannu ina faɗa wa kaina cewa na gama jiran mota ta cika.

Washegari na yaye tamfol daga kan jar motar na kama hanya. A kan kwalta ba ta da laifi, tafiya take kamar ana zuba ruwa. Ina sauka kan burji labari ya canza. Kowane rami sai na ji ta gurji ƙasa, ina jin abin har cikin haƙorana. Ban yi nisa ba wani dutse ya daki ƙasan injin, na duba madubi na ga baƙin mai yana bin bayana. Na kashe ta na fito na tsaya. Wani manomi da ke kusa ya kwance shanun huɗarsa, ya ɗaura mata igiya, suka ja ta har bakin kwalta ina ciki ina riƙe da sitiyari. Duk wanda muka wuce sai ya saki fartanya ya bi mu da kallo.

Da yamma yayan maigidana ya zo. Muka gaisa, ya tambayi yara, ya tambayi aiki, ya yi mini jajen abin da ya faru. Sannan ya gyara zama.

"Ƙanwata, motar nan ba ta hanyarmu ba ce. Ko marigayi bai taɓa kai ta gona ba. Ki bari in nemo mai saye a Kano, a haɗa miki wata mai ƙwari."

Na ce, "Yaya, gaskiya ka faɗa, ba ta hanyarmu ba ce. Amma ba zan sayar ba. Wata zan nema, ko tsohuwa ce, ta riƙa kai ni aiki."

"Mota biyu? Ke kaɗai a gida?"

"Ni kaɗai, Yaya."

Ya girgiza kai, ya ce Allah ya sa hakan ne mafi alheri, ya ɗauki hularsa ya tafi. Na san yana ganin taurin kai ne. Wataƙila ma da gaskiyarsa, amma ban ji zan iya tsayawa ina kallo wani baƙo ya zauna a kujerar nan ya ja ta ya fita daga gidan ba.

Akwai wani dattijon bakanike da yake yi wa maigidana gyara tun da can. Shi ya liƙe ƙasan injin jar motar, shi kuma na ɗora wa neman ta biyun. Na ce masa ba kyau nake nema ba, ina son mai tsayi daga ƙasa, wadda kayan gyaranta ba sa wuya. Abin da nake da shi bai wuce adashen da na kwasa da raguna biyu da na sayar ba. Ta farko da muka gani hayaƙi take yi kamar an cinna wa yayi wuta. Ta biyu mai ita ya ji mace ce ke nema, ya ɗaga farashi, muka yi masa sallama.

Ta uku a Gwangwan muka same ta, a ƙofar gidan wani Alhaji mai fataucin gyaɗa da ya sayi babbar mota ya ajiye wannan. Doguwa ce mai faɗin baya, fentinta ya koɗe har ba a iya cewa fara ce ko ruwan toka. Ƙofar baya da igiya aka ɗaure ta. Ina leƙawa ƙamshin gyaɗa ya buge ni, ɓawo ya cika ƙarƙashin kujeru. Bakaniken ya buɗe gaba, ya sa aka tayar, ya karkata kai yana sauraro kamar yadda nake sauraron bugun zuciyar ɗa a ciki.

Ya ja ni gefe ya ce, "Hajiya, jikin ya tsufa, amma injin da sauransa. Sai dai fa mai giyar hannu ce. Kin iya?"

Ban iya ba. Jar motar da kanta take canza giya, ban taɓa taka kuloci ba a rayuwata. Na ce masa, "Baba, zan koya. A yi ciniki."

Asabar uku muka yi a filin ƙwallon wata makarantar firamare. In saki kuloci da sauri, motar ta yi tsalle ta mutu. In sake tayarwa, ta sake mutuwa. Matan gidajen da ke kusa suna leƙowa ta saman katanga, ina jin dariyarsu. Ƙafata ta hagu ta yi tsami har sallah sai da na riƙa yi a hankali. Dattijon bai taɓa ɗaga murya ba, abin da yake maimaitawa kawai shi ne, "A hankali, Hajiya, ki ji ta da ƙafarki." Ran Asabar ta uku na zagaya filin sau biyar ba ta mutu ba, ya ce in sauke shi a gareji in wuce gida ni kaɗai.

Litinin ɗin da na fara fita da ita an kwana ana ruwa. Ramukan da suka hana jar motar wucewa, wannan ko a jikinta, tana ta kwaramniya tana tafiya. Sai a wani kwari da ruwa ya kwanta, tayoyin baya suka nutse a taɓo. Na taka totur, suka ƙara nutsewa. Na fito na naɗe farin kayana, na karyo rassan sabara ina cusawa ƙarƙashin taya. Wasu mata huɗu za su gona suka tsaya. Ɗayarsu ta gane ni, ta ce wa sauran, "Ai malamar asibiti ce, ita ta karɓi haihuwar ƙanwata." Suka ajiye ƙwaryar abinci suka sa kafaɗa. A turi na uku ta fita, ta watsa musu laka har fuska, suna ta dariya. Na isa asibiti kaca-kaca da taɓo, amma kafin mace ta farko ta zo awo na riga na buɗe ƙofa na share ɗaki.

Tun daga ranar ba na fita sai da shebur da katako biyu a baya. Na koyi canza taya, na koyi duba ruwa da baƙin mai kafin in tayar. Na sa aka kwantar da kujerar baya na shimfiɗa 'yar katifa, saboda in naƙuda ta zo da gardama, a ciki nake ɗaukar mace in kai ta babban asibiti, ba sai an tsaya neman mota a ƙauye ba. Mutanen yankin suna kiranta motar gyaɗa, don har yau ƙamshin bai fita ba. Jar kuwa tana rumfarta. Wata Asabar ɗin nakan wanke ta in tafi Kano wajen 'yata, in dawo kafin la'asar.

Bana damina ta huɗu ke nan muna wannan hanya. Kwanan baya bakaniken ya ce injin ya fara shan mai, da wuya ya ƙara shekara. Na ce ya fara cigiyar wani injin tun yanzu, don ba a ɗauke ni daga Zoza ba, ni ma ban nemi a ɗauke ni ba.