Tagwayen Ɗaya ga Janairu

Salomi Pindar magatakardar coci ce a unguwar Moduganari da ke Maiduguri. Shekara ashirin tana buga takardar waƙoƙin Lahadi, kuma kowa ya san ba ta da haƙuri da na'ura. In injin buga takardu ya tsaya, marinsa take yi kamar ya zage ta. Amma tsohuwar wayarta mai tsagaggen gilashi, ko Fasto bai isa ya taɓa ba.

A shekarar 2012 mawaƙan cocin ƙauyensu suka zo taro Maiduguri, su goma sha tara, har da ƙaninta Jona. Salomi, da yake ita ce 'yar birni, ta kwashe su zuwa shagon Umara a Mafoni don ya buɗe wa kowa shafi a babban dandalin sada zumuntan nan da duniya ke ciki. Umara ya tambayi ranar haihuwa. Wannan ya ce lokacin cirar gyaɗa, wancan ya ce shekarar da fara ta cinye dawa. Da Umara ya gaji, sai ya rubuta wa kowa ɗaya ga Janairu. Aka yi ta dariya, wai duk sun zama tagwaye.

Bayan shekara biyu 'yan bindiga suka shiga ƙauyen. Bakwai daga cikin mawaƙan aka binne, wasu suka ɓulla a Kamaru. Jona kuwa ba gawa, ba labari.

Tun daga nan sabuwar shekara ta zame mata abin fargaba. Da an fito sujada wayar za ta sanar da ita cewa yau abokanta goma sha tara ke murnar haihuwa, ta jero mata su cikin rigunan waƙa, kowa na washe baki. Takan shige ofis ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, rayayyu da matattu. Jona take bari ƙarshe, ta rubuta masa kwatancen gidan da take zaune.

Bara matan zumuntar coci suka yanke shawarar barin dandalin. Sun gaji da zage-zage da hotunan gawarwaki da ke faɗo wa mutum ba sallama. Aka yi ta muhawara: wata manhajar ba ta cin data, wata tana ɓoye hira, wata kuma babu kowa cikinta sai 'yan jami'a. 'Yarta Ketura ta saka mata har guda uku.

"Mama, ki rufe wancan," in ji Ketura. "Duk Janairu sai kin kwanta ciwo."

"In ya fito daga daji, ina zai neme ni? Ƙauyen babu, gidan haya na sauya sau uku, layina na da ya ɓace. Nan kaɗai ya sani."

Ketura ba ta daina lallashi ba, har Salomi ta amince za ta gaishe su gaisuwar ƙarshe ta rufe.

Ranar ɗaya ga Janairu da hantsi ta tura wa Jona tasa gaisuwar. Sai koren ɗigon da ke nuna mutum yana kan layi ya kama kusa da sunansa. Kafin ta yi numfashi wayar ta ɗauki ƙara, ga hoton Jona yana kira. Da kyar ta amsa.

Muryar baƙo ce, mai karin harshen Shuwa.

"Mama, sannu. Sunana Hamid, ina sayar da shanu, a Dusuman nake. Sabon layi na saya, na zo buɗe shafi sai ya kai ni cikin na wani." Ashe layin Jona ne ya daɗe a kashe har aka sake sayar da shi. "Wallahi na karanta saƙonninki duka, na shekara goma sha ɗaya. Ki yafe ni. Allah ya bayyana shi. In rufe ne?"

Salomi ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar da labarin ƙauyen ya zo. Ta san sarai yatsan wa ya kunna ɗigon nan.

"A'a, ɗana, kada ka rufe. Ka riƙa shiga dai, ko ba ka ce komai ba."

Har yau, in Hamid ya samu inuwa a kasuwa ya ciro wayarsa, sunan Jona yakan yi kore a ofishin coci. Salomi takan tsayar da aiki ta zuba masa ido, har sai koren ya mutu.