Hollis Tidwell da Kwanon Yayarsa

Haihuwa

An haifi Hollis Tidwell a shekarar 1921 a ƙauyen Cane Ford na jihar Alabama. Mahaifinsa Virgil manomin auduga ne, mahaifiyarsa Ora kuwa ta rasu yana ɗan shekara shida, sai yayarsa Verna ta ci gaba da renonsa.

Karatu, aiki da aure

A hannun kawunsa ya koyi goge, har ya zamana duk Lahadi shi ke kiɗa a coci, Verna na rera waƙa. Ya kammala kwalejin horar da malamai a 1943, ya koyar da adabi a sakandaren gundumarsu tsawon shekara talatin da takwas. A 1947 ya auri Nadine Pruitt.

Littafinsa

A 1958 ya wallafa labarin wata budurwa da ta fasa aure saboda renon ƙaninta. Shi a zatonsa godiya ya yi. To amma ƙauye ne, kowa ya gane budurwar, ya gane saurayin da ya auri wata. Verna ta tare shi a ƙofar coci ta ce, "Ni na goya ka, Hollis, ka rasa wanda za ka shanya a kasuwa sai ni?" Daga ranar ba ta sake yi masa magana ba, shi ma bai sake wallafa komai ba.

Kaɗaici

Nadine ta rasu a 1974. Dangi da maƙwabta suka kai abinci gidan makoki, kowane kwano da sunan mai shi manne a gindi, domin a mayar masa a zauna a gaisa. Verna ta aiko da kaza a kwanon mahaifiyarsu. Hollis ya juya kwanon, ya sake juyawa, babu suna. Ya fahimci ba a son ya mayar, abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Bayan ya yi ritaya a 1981, kullum da yamma a baranda yake kaɗa waƙoƙin coci da gogensa shi kaɗai, babu mai rerawa.

Rasuwa

Ya rasu ranar 9 ga Maris, 1989, aka binne shi kusa da Nadine a maƙabartar cocin. Verna ba ta halarta ba. Ya bar 'ya'ya uku: Corinne, Wendell da Ora June. Washegarin jana'izar Corinne na wanke kwanukan makoki, ta juya wani ta ga rubutun hannu mai rawa: Verna. Su ukun suka mayar mata.