Baba, kin ci abinci?

Jiya bayan la'asar ƙanena Mustafa ya ajiye wayarsa a gabana, sai na ji muryar 'yata Falmata, wadda muka yi sadakar arba'in ɗinta makon jiya.

Ya tattara vokal ɗin da ta bari ne, wato saƙonnin muryarta na waya, ya ba wata manhajar ƙirƙirarriyar basira. Yanzu in an yi wa manhajar magana, da muryar Falmata take amsawa. Izinina yake nema ya kai wa mahaifiyarta, ko za ta samu sauƙi.

Ya gai da manhajar, muryar ta amsa, sannan ta ce, "Baba, ka ci abinci?"

Na ce, "Kashe, Mustafa."

"Yaya, ba ta yi kama ba ne?"

"Ta yi kama ƙwarai. Amma Falmata ba ta taɓa ce mini 'ka' ba."

A Bosso ta tashi wurin kakarta, da Barbarci a bakinta, harshen da ba ya raba namiji da mace. "Baba, kin ci abinci?" take cewa. Ni malamin makaranta na yi shekaru ina gyara mata. Daga baya ma da gangan take yi, tana dariya.

Na'ura ta gyara abin da na kasa gyarawa. Na gode wa Mustafa, domin ƙauna ce ta sa shi, na kuma roƙe shi ya goge kafin mahaifiyarta ta ji. Vokal ɗin gaskiya yana wayata da kuskurensa, shi muke saurare.

Allah ya jiƙanta. Ku da kuka yi rashi, wane kuskure nasu ne ba za ku yarda a gyara ba?