Kawu Sanda da Bencina Marasa Kowa

Duk wanda ya yi firamare a Fagada ya san halin Kawu Sanda, ƙanen innata. Tun kafin yara su zo yake shiga aji, ya bi bencina babu kowa a kai, yana kiran sunan kowane yaro yana yi masa bayani da murya daban. Sai ya kasa kunne, ya ce, "Awo, haka ne." Wata mata da ta leƙa ta taga, wallahi bokitinta ma ba ta tsaya ɗauka ba. Gari ya ɗauka aljanu yake koyarwa. Shi kuwa ko a jikinsa, wai gwaji yake yi.

Ranar da mai duba makarantu ya zo daga Jega, ya tarar da yara a warwatse, wani yana lissafi da albasa a gindin bishiya, wani rub da ciki yana rubutu, wata tana rera baƙaƙe. Ya tambaya ina ajin yake. Kawu ya ce, "Wanne ciki? Arba'in gare ni, kowane yaro da nashi."

Ni dai ban yi dariya ba, don ɗiyata Hadiza shekara uku a makarantar ba ta iya haɗa baƙi biyu ba. Babanta ya rantse zangon nan na ƙarewa zai cire ta. Na kai wa Kawu kuka. Ya ce allo ne ba ta gani sosai, da hannu za ta koya. Ya riƙa kama yatsanta yana zana baƙaƙe a rairayi. Wata biyu, shiru. Ga Kawu da taurin kai, har ciwo ya kwantar da shi bai yarda ta gagara ba.

Aka kai shi asibiti a Jega. Ranar Laraba da azahar Hadiza ta shigo gida, hannu duk ƙasa, ta tsaya gaban buhun taki ta karanta wa babanta rubutun jikinsa tas. Na ce wa ya koya mata.

"Kawu mana. Yau da hantsi, bayan aji. Hannunshi sanyi."

Bakina bai rufe ba aka yi sallama, ɗan aike ne daga Jega. Tun asuba Kawu ya cika.

Babanta bai sake zancen cire ta ba, ni kuma har yau ina kewar Kawu. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya bi shi a hankali yadda ya bi 'ya'yanmu. Amin.