Ɗigon Legas a Taswirar Malam

An kira mu taron masu rubutu a intanet a Bici, a wani ɗaki da fankarsa ke juyawa kamar mai azumin bazara. Ni shafina na farashin tumatir ne da tsegumin bakin dam ɗin Watari, kuma masu bibiyata, in ka haɗa da matata da surukaina, da ƙyar za su cika bayan babur. Shinkafar rana ta kai ni. Taubashina kuwa, ɗan gwaggona, tsohon malamin firamare da kowa ke kira Malam, ya sha babbar riga da tabarau kamar shi zai buɗe taron.

Malam yana da ɗa namiji guda. Sun yi cacar baki a kan gona, yaron ya tafi Legas, ya canza lamba, shiru. Daga nan Malam ya buɗe shafi. Kullum sai ya rubuta labarin ƙauye: wadda ta haihu, wanda saniyarsa ta faɗa rijiya, yadda albasa ta yi bana. A ƙasan shafin akwai lamba mai ƙirga masu shiga, kullum tana ɗan motsawa. Malam ya yanke hukunci cewa yaron ne ke leƙowa. Har a masallaci ya faɗa.

Mai koyar da mu wani matashi ne daga birni, wandonsa ya matse shi kamar an ɗura shi a ciki. Ya ce akwai manhajar da ke nuna maka a taswira garin da kowane mai karatunka yake. Wa zai ba da shafinsa a gwada? Kafin ya rufe baki Malam ya isa gaban majigi.

"Duba min Legas, ɗan samari."

Taswira ta fito a bango. Ɗigo ɗaya ne ja, ya zauna daram a kan yankinmu. Legas fes, kamar an share.

"Baba, sau nawa kake buɗe shafin nan a rana?"

"To, ina dubawa dai, in ga ko an shigo."

"Ai kai ne kake shigowar. Duk wannan ƙirgen daga wayarka yake."

Wallahi dariyar da aka yi, na ji an ce har a Zakirai awaki sun firgita. Wani mai bidiyon barkwanci, ɗan Zakirai ɗin ma, ya miƙe ya ce, "Malam, kai ne liman, kai ne ladan, kai ne mamu!" Ni ma na jefa tawa, ai taubashi ne: "Shi ya sa ba a taɓa zaginka a shafin ba!" Malam ya cire tabarau yana gogewa da hannun riga. Da aka lafa ya roƙi mai koyarwar ya gyara abin ya daina ƙirga shi. Aka gyara. Shinkafarsa ni na cinye.

An buɗe mana zaure a waya, na waɗanda suka halarci taron. Malam bai shiga ba. A nan mai barkwancin ya sanar cewa yana da ƙane direban tirela a Legas, kuma ya tura masa shafin ya ce ya riƙa dannawa. Zaure ya kaure da tafi.

Washegari da hantsi ina ban ruwa a fadama sai ga Malam a guje, babu hula, ya tattaka min kwamin albasa, waya a sama kamar tuta.

"Ya karanta! Duba! Ɗigo a Legas!"

Na duba. Ga shi kuwa, ja jawur. Na ce, "Ikon Allah, Malam." Ya yanka zakara, aka yi sadaka, ni na samu cinya. A ranar ya rubuta abin da bai taɓa rubutawa ba. Ya ce gonar tana nan, ba a sayar ba. Ya ce shi ne ya yi zafin baki. Ya ce uwar yaron ba ta iya cin tuwo sai ta ajiye masa nasa. Mai barkwanci ya karanta shi da muryar kuka, ya saka a zaure, aka yi ta turawa.

Direban tirela ba shi da lokacin labarin albasa. Bayan 'yan kwanaki ya gaji, ɗigo ya daina fitowa.

Malam ya same ni a gindin mangwaro, ya rame, ya zauna ko sallama bai ƙarasa ba. Ya goge maganar gona, ya ce, ko ita ce ta tayar da tsohon ciwo. Ya goge ta uwar, ko yaron ya ɗauka ana matsa masa ne. Har yanzu shiru. Ya miƙo min wayar.

"Kai da ka san harkar nan, karanta min a hankali. Wace kalma ce ta ɓata masa rai?"

Na karanta tun daga sama har ƙasa, ina gyaɗa kai kamar alƙali. Na nuna masa wata kalma a tsakiya, don dai ya tashi in ci gaba da aikina. Ya goge ta nan take, ya ɗora wayar a gwiwa, ya zauna yana kallon Legas.