Ƙafar Mai Hatsi

Na yi shekaru ina aiki a wani ɗan kamfanin bincike a Kano, irin wanda mutane ke zuwa idan suna son a gano musu wani abu ba tare da magana ta fita ba. Ofishin ɗaki ɗaya ne a saman bene, da fanka mai surutu da maigida wanda ya fi fankar surutu. Aikina sa ido. A tura ni wuri in zauna, in kalla, in dawo in faɗi abin da na gani. A kan wannan aiki na tura baron rake, na ɗauki jarkokin ga-ruwa, na taɓa yini a bakin wani gareji riƙe da tayar babur kamar mai jiran faci. A birni abin ba wuya, mutane kayan hannunka suke kallo su wuce.

Wata damina wata tsohuwa ta hawo benen nan tana haki, jikarta na riƙe da hannunta. Hajiya muke ce mata. Ɗanta ne ya bar gida tun yana saurayi, bayan sun sami saɓani da mahaifinsa. Mahaifin ya rasu, yaro bai dawo ba, ita kuma ga furfura ta gama kai. Wani maƙwabcinta mai fataucin hatsi ya ce mata ya ga wani mutum a kasuwar Kibiya yana awon dawa da gero, kuma tafiyarsa da muryarsa sak na gidansu.

"Kada a tambaye shi," in ji ta. "An taɓa ce mini an gan shi a wani gari, dangi suka tafi da hayaniya, kafin su isa mutumin ya tashi. In shi ne, ba na son ya sake gudu. A duba mini kawai."

Hoton da ta kawo na yaro ne mai siririn wuya, ba abin da zai tsinana mana. Amma ta ce yana koyon tafiya ya taka garwashi, ya bar masa farin tabo a ƙafar hagu, can ƙarƙashin ƙananan yatsu, inda sai an buɗa su ake gani.

Zuwana na farko wauta na tafka, irin ta ɗan birni. Na sa shadda da hula mai kyau na shiga kasuwar a matsayin mai sayen hatsi. Kafin azahar an tambaye ni "baƙon wa?" har na gaji. A can babu baƙon da ke tsaye da ƙafarsa, dole kana da masauki, dole wani ya san ubanka ko ubangidanka. Wani dattijo mai goro ya tsare ni da gaisuwa, na ce masa wurin wani abokina na sauka a Rano. Ashe kaf Rano ba gidan da bai sani ba. Ya shiga jero mini unguwanni yana tambaya ko ta nan ce, ko ta can ce. Da ƙyar na zame, na hau mota na koma Kano raina a ɓace.

A hanya na tuna da masu yankan farce. Su ne kaɗai na san suna ratsa kowace kasuwa ba mai tambayarsu daga ina, kuma su kaɗai ne namiji zai miƙa wa ƙafarsa a bainar jama'a bai ji komai ba. Na sami wani a unguwarmu ya koya mini. Na fitar wa maƙwabtana jini ba kaɗan ba kafin hannuna ya faɗa, har yau akwai wanda in ya gan ni yake ɓoye yatsunsa. Na sayi almakashi biyu, da soso, da ɗan gwangwanin ruwan kumfa, da tsumma. Na bar gemu ya fito yadda ya ga dama, na cire agogo na yi ta shiga rana har farin da ya bari a hannuna ya baje. Tsohuwar rigar ƙwallo da silifas da aka ɗinke da waya suka ƙarasa sauran.

Na kama wani shago a Rano, bayan tasha, daga nan nake hawa babur zuwa Kibiya ranar kasuwa. Ranar da na koma ina kaɗa almakashi, mutum na farko da ya yafito ni dattijon nan ne mai goro. Na durƙusa, ya miƙo mini hannu yana ci gaba da hirarsa da na kusa da shi, na gama, ya miƙo ɗayan. Ko sau ɗaya bai dubi fuskata ba. Ya kamata in yi murna, don abin da nake nema ke nan. Amma da na tashi sai na ji wani abu ya dame ni, kuma bai rabu da ni ba har na bar yankin.

Kaɗaici ne, ba wani abu ba. In ba ranar kasuwa ba, yawo nake cikin Rano da almakashina don a saba da ganina. Na riƙe hannuwan mutane ba iyaka, na san mai cizon farce, na san wanda fartanya ta cinye wa tafi, amma ba wanda ya san sunana ko ya nemi sani. "Mai farce," shi ke nan. Ni ma ba halin in ja kowa a jiki, domin kowace hira ƙarya take ci, ƙarya kuwa a ƙaramin gari ba ta daɗewa. Da yamma in sayi shinkafa da wake in koma shago, in zauna a bakin ƙofa ina kallon hadari yana taruwa a kan duwatsu. In ruwa ya sauko a kan kwanon rufin, har daɗi nake ji, ko ba komai an sami mai magana a ɗakin.

Mai hatsin da aka turo ni dubawa dogo ne, ba ya son yawan magana, daga wajen ƙauyen Nariya yake zuwa da buhunansa. An ce ya daɗe a can, ya yi aure ya yi gona, amma ba haifaffen wurin ba ne. Kullum ƙafarsa cikin takalmin roba sau-ciki. Kuma abin haushi, shi da kansa yake yanke farcensa da reza. Duk sanda na gilma ta rumfarsa ina kaɗa almakashi sai ya ɗaga hannu ya ce, "Na yanke, Allah ya kawo kasuwa."

Na gwada ta masallaci. Na bi sahun bayansa da la'asar, da aka yi sujada na saci kallon tafin ƙafarsa. Ƙafar manomi ce da damina, kaushi da faso da jar ƙasa, ba abin da za ka gani. Na fito da kunya ta ishe ni, sallar ma sai da na sake ta, kuma ban ƙara ba.

Wata ranar kasuwa ruwa ya ɓarke da rana tsaka, kowa ya ruga rumfar wanda ya sani. Ni ban san kowa ba, na raɓe a jikin wani bango ruwa na dukana ta gefe. Sai na ji an ce, "Malam, shigo daga ruwan nan mana." Na waiwaya, mai hatsi ne, kuma idona yake kallo. Ya matsar da buhu ya ba ni wuri. Ya kira wata Bafulatana da ta fake a rumfar gaba ta dama mana fura, ya miƙo mini ludayi. Muka sha muna kallon ruwa yana gudu da bawon rake a tsakiyar kasuwa. Ya yi maganar dawa da ta yi kyau bana, da tsutsar da ta dami masara. Bai tambaye ni garinmu ba. Na daɗe ina juya wannan a raina, domin a ƙasar da kowa ke tambayar asalinka, wanda bai tambaya ba mai yiwuwa shi ma ba ya son a tambaye shi.

Daga ranar rumfarsa ta zama wurin hutawata. In na zagaya na gaji, in zo in zauna a kan buhu, wani lokaci ko magana ba ma yi. Duk mako ranar nake jira, kuma ba don aikin kaɗai ba.

Hajiya kuwa duk yammacin kasuwa sai jikarta ta kira mata ni a waya. Da farko "Ka gani?" take cewa. Daga baya tambayoyin suka sauya. Ya rame ne ko yana da jiki? Yana da 'ya'ya? Da ya yi dariya akwai wushirya? Nakan ce mata, "Hajiya, ba mu tabbatar ba tukuna." Ta ce ta sani, sannan ta tambayi wace irin riga ya sa.

Gab da kaka na iske shi da hannun dama naɗe da tsumma. Lauje ne ya sare shi a babban yatsa wajen yankan ciyawa. Ya dube ni ya yi murmushi.

"Yau kam Allah ya ba ka ni. Reza ta gagare ni riƙewa."

Na durƙusa na fara da hannu, ina kewaye ciwon a hankali. Da na gama ya tuɓe takalman da kansa ya ɗora ƙafar hagu a kan gwiwata. Na tsoma soso a kumfa na wanke yatsun fiye da yadda aiki ke bukata. Na kama ƙaramin yatsa na buɗa, na buɗa na kusa da shi, na bi su duka. Fata ce lafiya lau, baƙa, ba tabo ko na ƙaya. Na karɓi ta dama na yi mata haka. Babu.

"Malam, lafiya? Na ga ka tsaya."

"Sanyin ruwan nan ne," na ce.

Na ƙarasa masa tsaf, ban taɓa yi wa kowa yankan da ya kai wannan kyau ba. Yana mai da takalmi ya ce in an cire gyaɗa in zo Nariya in kwana biyu, a dafa mana ɗanya. Na ce in Allah ya yarda. Na san aikina a nan ya ƙare, maigida ba zai bar ni in ƙara ko mako guda ba.

Ban jira kiran Hajiya ba. Na sa mai babur ya sauke ni kafin mu shiga Rano, na tsaya a bakin wata gonar dawa na kira. Na faɗa mata komai yadda ya faru, da lauje, da tsumma, da ƙafar a kan gwiwata. Da na gama sai ta ce:

"Ka duba ta daman? Ƙila ni ce na manta, an daɗe."

"Na duba, Hajiya. Duka biyun na duba."

"To," ta ce. "To. Allah ya yi maka albarka, ɗan nan, ka wahala."

Na ji tana jan numfashi. Sai ta sake cewa:

"Hannun nasa fa, ya sa magani kuwa?"

Na ce ban tambaya ba, amma na ga ya ɗaure.

"Ɗauri kawai ba ya yi. Ka ce masa ya je a duba masa, kuma kada ya bari ruwa ya taɓa wurin. Ka ji? Ka faɗa masa."

Na ce to, zan faɗa masa. Washegari da safe na mai da makullin shago, na hau motar Kano.